Wa ya mallaki kulob a Turkiyya? Tarihin shigar kamfanoni cikin harkar wasanni

Tambaya: Na ji Galatasaray ta biya yuro miliyan 75 ta sayi Victor Osimhen, sai na nemi sanin attajirin da ya mallaki kulob ɗin. Wani ya ce mini ba ta da mai ita, wani kuma ya ce ana sayar da hannun jarinta a kasuwa. Wanne ne gaskiya? Kuma tun yaushe kamfanoni masu zaman kansu suka shiga tafiyar da wasanni a Turkiyya?

Amsa: Malam, duka mutanen biyu gaskiya suka faɗa maka. Galatasaray abu biyu ce a haɗe. Akwai ƙungiyar mambobi, masu biyan kuɗin shekara, masu taruwa su zaɓi shugaba da ƙuri'a. Akwai kuma kamfanin da ƙungiyar ta kafa ta zuba harkar ƙwallon ƙafa a ciki, shi ne ake cinikin hannun jarinsa a kasuwar Istanbul. Ragamar kamfanin tana hannun ƙungiyar, don haka ko ka tara hannun jari na miliyoyi ba za ka iya korar koci ba. Haka abin yake a Fenerbahçe da Beşiktaş da Trabzonspor. Yadda aka zo wannan wuri shi ne tarihin da kake tambaya, kuma a ganina ba tarihin gwamnati ta janye ta bar wa 'yan kasuwa fili ba ne. Kamfani ya shigo, amma gwamnati ba ta taɓa fita ba.

Iyalan 'yan kasuwar Ingila da ke zaune a Izmir da Istanbul ne suka fara buga ƙwallo a ƙasar a ƙarshen ƙarni na 19. Ɗalibai da samarin unguwa suka ɗauka daga wurinsu. An kafa Beşiktaş a 1903, Galatasaray a 1905 a hannun Ali Sami Yen da abokan karatunsa, Fenerbahçe a 1907. Dokar ƙungiyoyi ta 1909 ce ta ba su matsayi a idon hukuma, matsayin ƙungiyar jama'a wadda ba don riba aka kafa ta ba, Turkawa suna ce mata dernek. Sai da kulob-kulob suka shekara sama da ɗari a wannan matsayi, doka ɗaya ke hawa kansu da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko ta 'yan gari ɗaya mazauna birni, alhali wasunsu sun kai ga juya ɗaruruwan miliyoyin dala.

A 1922 kulob-kulob suka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu da kansu, Ali Sami Yen na shugabanta, hukumar ƙwallon ƙafa ta biyo baya a 1923. Wannan 'yanci bai daɗe ba. A 1936 aka mayar da wasanni ƙarƙashin jam'iyya mai mulki, sannan a 1938 aka yi doka mai lamba 3530 wadda ta kafa babbar hukumar motsa jiki ta gwamnati. Daga nan filaye da kuɗi da naɗin shugabannin hukumomin wasa duk suka koma Ankara.

Abin mamaki, cikin wannan dokar ta mamayar gwamnati ne ƙofar kamfani ta fara buɗewa. An wajabta wa duk masana'anta ko ma'aikatar da ke da ma'aikata sama da 500 ta tanadi wurin wasa ta ɗauki mai horarwa. A lokacin manyan masana'antu kusan duk na gwamnati ne, shi ya sa sunayen da suka fito suke nuna sana'ar masu su: Demirspor na ma'aikatan jirgin ƙasa, Şekerspor na kamfanin sukari, Kömürspor na masu haƙar kwal a Zonguldak. Adana Demirspor, da aka kafa a 1940, daga nan ta samo asali. Da masana'antu masu zaman kansu suka yi ƙarfi a shekarun 1950 da 1960, sai suka tarar da hanya a share.

Wanda ya fara bin ta da gaske shi ne gidan Eczacıbaşı, masu kamfanin magunguna, da suka kafa kulob a 1966. Tofaş mai harhaɗa motoci a Bursa ya bi sahu a 1974, kamfanin giya na Efes Pilsen a 1976, kamfanin gine-gine na ENKA a 1983 da guje-guje da ninkaya da tanis, Ülker mai biskit a 1993. Ka lura, kusan babu wanda ya nufi ƙwallon ƙafa a cikinsu. Manyan uku na Istanbul sun riga sun rabe zukatan jama'a, kuma ɗan kasuwar da ke son sayar da biskit ga kowa ba zai so ya zama abokin gabar rabin ƙasa duk ƙarshen mako ba. Sai suka nufi ƙwallon kwando da ƙwallon raga, inda kuɗi kaɗan ke yin aiki mai yawa.

Nan ne kamfani ya fi yin abin a zo a gani. Kofin Turai na farko da wani kulob ɗin Turkiyya ya ɗauka a wasan ƙungiya ba a ƙwallon ƙafa ba ne, Efes Pilsen ce ta ci kofin Korać na ƙwallon kwando a 1996, Aydın Örs na horar da ita, shekara huɗu kafin Galatasaray ta doke Arsenal a Kopenhagen ta ɗauki kofin UEFA. Wannan kulob ɗin ne ya ci gasar EuroLeague sau biyu a jere, 2021 da 2022, da sunan Anadolu Efes, domin tun 2011 ƙa'idar hana tallan giya ta tilasta masa sauya suna. A ƙwallon raga na mata Eczacıbaşı ta ci kofin Turai a 1999, ta zama zakaran Turai da na duniya a 2015. VakıfBank ta ci gasar zakarun Turai tun daga 2011 ta yi ta maimaitawa. Tawagar matan Turkiyya da ta ci kofin Turai a 2023 ba daga sama ta faɗo ba, makarantun horar da yara na waɗannan kulob-kulob ne suka shekara da shekaru suna renon 'yan wasa. (Sai dai a faɗi gaskiya, VakıfBank da Halkbank da Ziraat, masu kulob a ƙwallon raga, bankuna ne da gwamnati ke da iko da su, don haka ko a nan ma ba a rabu da ita ba.)

Me ya sa suka yi nasara? Ba wani sirri ba ne. Kasafin kulob wani layi ne cikin kasafin kamfani, an san iyakarsa tun farkon shekara. Babu zaɓe, don haka babu mai sayo tsohon tauraro don ya burge masu ƙuri'a. Koci yana daɗewa: Giovanni Guidetti yana VakıfBank tun 2008, tsawon lokacin da manyan kulob ɗin ƙwallon ƙafa suka canza masu horarwa ba adadi. Raunin tsarin kuma daga wuri ɗaya yake fitowa. Kulob ɗin da ba shi da mambobi ba shi da mai kare shi ranar da shugabannin kamfani suka sake lissafi. Tofaş ta ci gasar ƙasa a 1999 da 2000, sai kamfanin ya janye babbar tawagar yana kan ganiyarsa. Ülker ta ci gasa a 2006, a shekarar aka rufe ta aka haɗe da Fenerbahçe, kamfanin ya ga ya fi masa riba ya liƙa sunansa a rigar kulob mai miliyoyin magoya baya. Daga nan salon ya sauya, kamfanoni da yawa suka gwammace ɗaukar nauyi da sayen suna a kan mallaka. Wata doka ta 2004 ta ƙara musu ƙwarin gwiwa, domin ta ba da damar cire kuɗin ɗaukar nauyi daga abin da ake biya wa haraji, gaba ɗaya a wasannin sa-kai, rabi a na ƙwararru.

Ƙwallon ƙafa ta bi wata hanya dabam. An amince da wasan ƙwararru a 1951, gasar ƙasa ta fara a 1959. A shekarun 1960 aka yi ta haɗe ƙananan kulob na gari su zama ɗaya mai ɗauke da sunan birnin, kamar Bursaspor a 1963 da Trabzonspor a 1967, gwamna da magajin gari da 'yan kasuwar gari suna tallafawa. Kuɗin gina filaye kuwa yawanci daga cacar Spor Toto ta gwamnati yake zuwa, wadda ta fara a 1960. Sauyi ya zo ne bayan 1980, da ƙasar ta buɗe kasuwarta, Turgut Özal ya hau mulki a 1983. Doka mai lamba 3289 ta 1986 ta ba kulob izinin miƙa tawagarsa ta ƙwararru ga kamfani ko ya ba da ita haya. A 1992 hukumar ƙwallon ƙafa ta samu 'yancin cin gashin kai, Şenes Erzik ya zama zaɓaɓɓen shugabanta.

Gwajin farko da ya yi amo bai ƙare da daɗi ba, kuma har yau tsoronsa bai bar magoya baya ba. Cem Uzan, wanda iyalinsa ke da banki da gidan talabijin da kamfanonin lantarki, ya karɓi İstanbulspor a 1990 ya mayar da ita kamfani. Ya zuba kuɗi, ya ɗauko Leo Beenhakker ya horar, ya kwaso Oğuz Çetin da Aykut Kocaman daga Fenerbahçe, Sergen Yalçın daga Beşiktaş. Taurari sun cika fili, kujerun 'yan kallo babu kowa. Da bankin iyalin ya rushe a 2003, asusun gwamnati mai kare ajiyar jama'a a bankuna, TMSF, ya ƙwace kamfanoninsu, kulob ɗin na ciki. Uche Okechukwu, tsohon kyaftin ɗin Super Eagles da ya koma can daga Fenerbahçe a 2002, yana cikin waɗanda suka ga wannan zamani. Kulob ya faɗi daga babbar gasa, aka yi gwanjonsa a 2006. Göztepe ta Izmir, mai tarihi da magoya baya na gaske, ta sha irin wannan a hannun Dinç Bilgin mai jarida da banki, ta yi ta gangarawa har rukunin 'yan sa-kai kafin rukunin Altınbaş ya saye ta a gwanjo a 2007. Idan ka ji mamban Fenerbahçe yana rantsuwa ba za a sayar da kulob ɗinsa ba, waɗannan labarai yake tunawa.

Kuɗin gaske ta talabijin ya shigo. Gidan talabijin mai zaman kansa na farko ya fara aiki a 1990, kuma a 1996 aka tara haƙƙin nuna wasannin gasar a wuri ɗaya ana sayarwa dunƙule, Cine5 ta fara saye. Digiturk ta karɓa a 2001. Farashin ya kai dala miliyan 321 a shekara a gwanjon 2010, ya kai miliyan 500 a 2016, shekarar da beIN ta Ƙatar ta sayi Digiturk. Kuɗin talabijin ɗin nan, da tun farkon shekarun 2000 ake ganin ba zai ƙare ba, shi ya ba manyan kulob ƙarfin halin shiga kasuwar hannun jari: Beşiktaş da Galatasaray a 2002, Fenerbahçe a 2004, Trabzonspor a 2005.

A nan ya kamata a tsaya, domin yadda aka shiga kasuwar ya fi shigar kanta muhimmanci. Beşiktaş ta zuba komai a kamfaninta, kuɗin shiga da albashin 'yan wasa da bashi, mai saye ya san abin da ya saya. Sauran ukun suka yi dabara. Suka kafa kamfanin da kuɗin shiga kawai yake karɓa, na talabijin da talla da amfani da sunan kulob, albashi da kuɗin sayen 'yan wasa kuwa aka bar su a wani wuri. Kamfanin da ke karɓa ba ya kashewa dole ya nuna riba mai tsoka, kuma an yi alkawarin raba ta duk shekara. Masu saye suka yi rububi, kulob ya samu kuɗi a dunƙule. Amma abin ya zama kamar manomin da ya sayar da wani kaso na amfanin gonarsa na duk shekarun da ke tafe, alhali taki da lada suna nan a wuyansa. Duk shekara wani ɓangare na kuɗin shiga yana tafiya aljihun masu hannun jari, kulob kuma yana cin bashi don biyan albashi. Galatasaray, wadda tun 2000 ta sayar wa kamfanin AIG na Amurka kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan kamfani, ta sha wahalar shekaru kafin ta warware ƙullin, ta haɗe kamfanoninta biyu a 2010. Fenerbahçe da Trabzonspor ma suka watsar da tsarin ba da jimawa ba.

Ko bayan gyaran, asalin matsalar tana nan. Wanda ke sa hannu a kan bashi shugaba ne zaɓaɓɓe mai wa'adin shekara biyu ko uku. Ba kuɗinsa ba ne, kuma ba da tsaftar littafin lissafi ake cin zaɓe ba, da kofi da manyan sunaye ake ci. A ƙarshen shekara mambobi suna taruwa su kaɗa ƙuri'ar wanke shugabanni, abin da suke kira ibra. Idan an wanke ka, ka tafi gida, bashin ya jira na bayanka. Ana ƙin wankewa wani lokaci, kamar yadda mambobin Galatasaray suka yi wa Burak Elmas a 2022 har aka je sabon zaɓe, amma sau da yawa fushin rashin nasara a fili ne ke jawo haka. Attajirai suna nan, sai dai ta akwatin zaɓe suke shigowa. Ali Koç, ɗan gidan da ya fi kowane gida ƙarfin kasuwanci a ƙasar, sai da ya nemi ƙuri'a ya kayar da Aziz Yıldırım a 2018 bayan shekara ashirin yana mulkin Fenerbahçe, ya zuba kuɗin aljihunsa, kuma mambobin nan dai suka sauke shi a 2025.

Sai faɗuwar lira ta tona asiri. Albashin 'yan wasan waje da yuro ake biya, kuɗin tikiti da riguna da lira suke shigowa. Dala ɗaya tana kusan lira 3 a 2016, ta haura 30 a 2024. An yi ta zaftare kwangilar talabijin, har gwanjon 2024 ya tsaya a dala miliyan 182 a shekara. UEFA ta dakatar da Galatasaray shekara ɗaya a 2016, Trabzonspor a 2020, saboda karya ƙa'idar kashe kuɗi. A 2019 ƙungiyar bankunan ƙasar ta shigo don sake tsara basussukan manyan kulob, bankin Ziraat na gwamnati a gaba, aka sake tsarawa a 2021. Babu gwamnatin da za ta bar kulob mai magoya baya miliyoyi ya rushe, shugabannin kulob kuma sun san haka. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski, shi ya sa ba kasafai za ka ji shugaban kulob yana ɗaga wa Ankara murya ba. Yawancin sababbin filayen wasa hukumar gidaje ta gwamnati, TOKİ, ce ta gina, kulob yana amfani da su, kamfani yana sayen sunan. A 2017 da Shugaba Erdoğan ya ce bai son a riƙa kiran filaye "arena", cikin 'yan kwanaki aka sauya alluna.

Akwai kamfanonin da ba kulob suka mallaka ba, aikin hukuma aka ba su kwangila. Cacar İddaa ta fara a 2004, lasisi na gwamnati, gudanarwa na kamfani. Da rukunin Demirören da abokin haɗin gwiwarsa suka ci kwangilar a 2019, Yıldırım Demirören ya ajiye shugabancin hukumar ƙwallon ƙafa. Katin shiga fili na Passolig, da aka wajabta a 2014, bankin Aktif aka ba, magoya baya da yawa suka ƙaurace wa filaye na wani lokaci don nuna ƙin amincewa.

Mallaka ta sosai, irin wadda kake nema a tambayarka, a matsakaita da ƙananan kulob take. Başakşehir ta fito daga kulob ɗin hukumar birnin Istanbul ta zama kamfani a 2014, ta ci gasa a 2020, duk da masu suka ba su daina maganar kusancinta da masu mulki ba. Samsunspor tana hannun Yüksel Yıldırım. Fatih Karagümrük, inda Ahmed Musa ya je daga Kano Pillars a 2021, Süleyman Hurma ke juya ta. Wadda ta fi burge ni ita ce Altınordu ta Izmir, da Seyit Mehmet Özkan ya karɓa a 2012 ya ce ba zai sa ɗan wasan waje ba, renon yara zai yi ya sayar. Daga can Cengiz Ünder da Çağlar Söyüncü suka fito. A 2022 kuma Sport Republic, masu Southampton ta Ingila, suka sayi kashi 70 cikin ɗari na Göztepe, karo na farko da jarin waje ya karɓi ragamar kulob ɗin ƙwallon ƙafa a ƙasar.

A shekarar ce, cikin Afrilu, majalisa ta yi doka mai lamba 7405. Ta cire kulob daga sahun ƙungiyoyin jama'a na gama-gari ta ba su matsayi nasu, rajista a ma'aikatar matasa da wasanni. Ta ƙirƙiri nau'in kamfani na musamman don wasanni. Ta sa iyaka ga bashin da shugabanni za su iya ci, ta ɗaure shi da kuɗin shigar shekarar da ta gabata, ta kuma ce wanda ya ƙetare iyaka dukiyarsa ta kansa za a bi, har da yiwuwar ɗauri. A takarda wannan ne karo na farko da aka taɓa ainihin ciwon, wato mai cin bashi dabam mai biya dabam. Amma dokar ba ta tilasta wa manyan huɗu sayar da kansu ba, kuma ta ƙara wa ma'aikatar iko a kan kulob da hukumomin wasa, abin da masu sukarta suka fi kokawa da shi. Tun bayanta manyan kulob sun fi karkata ga ƙara yawan hannun jari, su nemi masu riƙe da shi su sake zuba kuɗi, da sayar da filayen da suka mallaka, don rage abin da bankuna ke bin su. Yawancin masu zuba kuɗin nan magoya baya ne da ba su tsammanin rabon riba, kuma ba su da ƙuri'a a taron da ake zaɓen shugaba sai idan su ma mambobin ƙungiyar ne.